Takarda Mai Ƙarnin Kifi

Kwana uku na yi a hanya daga Belbeji kafin in shiga Kwatano, kuma tun ban sauko daga mota ba hancina ya gaya mini na bar gida. Garin ƙarni yake. Ruwan kwata, hayaƙin babura, kifi, ga wani danshi da ke manne wa mutum a jiki kamar an shafa masa koko. Mu ma a Damargu muna da zafi, amma namu mai tsabta ne, ka yi gumi iska ta busar. Can kuwa sai ka yi wanka, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Na tsaya a tasha da jakata da akwatin kayan aikina na ce a raina, to Lawali, kai ka kawo kanka.

Takarda ce ta kai ni. Shekara goma sha shida ina gyaran firigo da injin sanyaya ɗaki, tun daga rumfar kawuna Ilo a Tanut inda na koya. Daga Tarka har Falanko babu mai sayar da ƙanƙara da bai san lambata ba. Sai dai aikin ba ya riƙe gida duk shekara. Da sanyi ya shigo kowa ya kashe firigonsa, ni kuma in bar Zuwaira da yara huɗu in yi arewa neman aikin ƙarfi, wata biyar ba su ganina. Ana nan wata ƙungiya ta kawo firigo masu aiki da hasken rana a gidajen likita na karkararmu, don ajiye allurar rigakafi, kuma suna neman mutum ɗaya ɗan wurin da zai riƙa kula da su da albashi duk wata. Majo, babban ma'aikacin likitar garinmu, ya ja ni gefe ya ce, "Lawali, kowa ya san hannunka. Amma mutanen nan ba hannu suke dubawa ba. Ka kawo shaidar an gwada ka a aikace kafin ƙarshen watan gobe, in sa sunanka. In ba haka ba, daga Yamai za su turo wani." Na tambaya a Damagaram aka ce irin wannan jarrabawar sai baɗi. Wani ya ba ni labarin wata makaranta a Kwatano mai gamawa cikin sati biyar, shi ne na ɗaure kaya.

A waya sun ce mini akwai wurin kwana. Akwai kuwa. Wani sito ne a bayan makarantar, cike da matattun firigo an jera su har rufi, mu takwas aka zuba a tsakiya. Ƙasan ɗakin kullum a jiƙe yake, don haka waɗanda suka riga ni zuwa suka nuna mini dabara: ka cire ƙofar firigo ɗaya ka shimfiɗa, ita ce katifarka. Da na janyo tawa, kyankyasai suka zubo mini a ƙafa, manya-manya, masu tashi sama. Tir! Banɗakin kuma ba zan ba da labarinsa ba, domin wataƙila wani yana karanta wannan yana cin abinci.

Mai makarantar ana kiransa Shef Dosu. Ƙaton mutum ne, kullum cikin farar rigar aiki wadda ko ɗigon mai ban taɓa gani a jikinta ba. Mai gyara da farar riga! Tun ranar na sha jinin jikina.

Amma ba zan ci haƙƙinsa ba, satin farko na ƙaru. Mu a rumfa, in za mu buɗe inji sai mu saki gaz ɗin ya bi iska, fuuu, shi ke nan. Can aka koya mini janye shi a cikin kwalba a adana. Aka koya mini tsotse iska daga tiyo da famfo kafin a ɗura sabon gaz, da karanta agogon awo, ni da na saba ɗora bayan hannuna a kan tiyo in faɗi abin da ke ciki. Har kwana biyu aka yi ana koya mana injin ɗumama ɗaki. Na yi ta kallon abin ina dariya a ciki. Ni ɗan Damargu, wai a koya mini yadda ake ƙara wa ɗaki zafi. Na dai rubuta, tunda yana cikin jarrabawa.

Daga sati na biyu karatu ya ƙare. Kullum da safe Shef ya raba mu biyu-biyu, ya ce aikin fili ne, ya tura mu otal-otal da gidajen masu hali. Mu hau rufi, mu wanke, mu yi walda, mu sauko da yamma ko ruwa ba a ba mu ba. Shi kuma ya zo da motarsa ya gaisa da maigidan, su shiga ciki su rufe ƙofa. Sai da na kwana biyar kafin in gane cewa ba koyo muke ba, bauta muke yi masa, kuma mu muka biya don a bautar da mu. A ajinmu akwai wani ɗan gayu mai farin takalmi, ɗan wani babba, sau uku kacal na gan shi. Ranar da aka ce ya kunna wutar walda ya riƙe abin a baibai, saura kaɗan ya ƙone girar na kusa da shi. Shef ya dafa kafaɗarsa yana dariya yana ce masa ɗana. Haushi ya hana ni cin abinci ranar.

Abincin ma dai ba abin kewa ba ne. Duk abin da ka saya da kifi a ciki, ko miyar da ka rantse ganye ce zalla, ka juya cokali ka ga ido yana kallonka. Na koma burodi da ruwan shayi. Abin da ya cece ni wani dattijo ne Buzu, Baba Agali, mai gadin wani kanti a layin makarantar. Rannan ina wucewa ina gunaguni ni kaɗai da Hausa, sai na ji an ce, "Kai, wannan bakin na Damargu ne." Ashe mutumin kwarin Tarka ne, shekara tara rabonsa da gida. Ya zaunar da ni a tabarmarsa, ya ɗora buta a gawayi, sannan ya kwance wani ƙullin tsumma ya ɓallo mini cuku, busasshe ƙarau, wanda ƙanwarsa ta aiko masa. Wallahi da na sa a baki sai da idona ya kawo ruwa. Na tuna Zuwaira tana daka shi a fura. Ya yi kamar bai gani ba, ya ce, "Tauna a hankali, ƙanena, haƙoran mutanen gari ba su da ƙwari." Tun daga nan kullum bayan la'asar ina wurinsa. Ya tambaye ni rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, wacce ta ƙafe, wacce ke nan, wa ya mutu.

Sati na biyar aka ce jarrabawa. Na zaci a makaranta za a yi, a gaban alƙalai, kamar yadda aka rubuta a takardar shiga. Ina! Shef ya sa ni a mota da safe ya kai ni wani layi kusa da bakin teku, wurin wata mata da kowa ke kira Madam, mai sayar da daskararren kifi kwali-kwali. Tana da ɗakin sanyi, wato firigo ne mai girman ɗaki, mutum yana shiga ya yi yawo a ciki. Shef ya ce, "Ga jarrabawarka. Ya daina sanyi. Nemo ciwon, ka gyara, ka tashe shi. Ƙarfe uku zan dawo. In na tarar yana aiki, takardarka ta fito." Ya ja mota ya tafi. Madam ma ba ta nan, sai ƴan dako uku a zaune a ƙofa.

Ciwon bai ba ni wuya ba. Na shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, na ga inda yake hurawa, iskar teku ta cinye wurin. Aikin awa biyu ne. Amma kafin in kunna wuta na ce bari in leƙa ciki, na ja ƙofar.

A'uzu billahi! Abin da ya bugo ni sai da na ja da baya na dafa bango. Na taɓa tsayawa kusa da raƙumin da ya kwana huɗu da mutuwa a hanyar Tanut, bai kai wannan ba. Ruwa ja-ja yana kwance a ƙasa, kwalaye na ƙasa sun jiƙe sun baje, na sama sun kumbura. Na tambayi ƴan dakon kwana nawa injin yake tsaye. Ɗaya ya ɗaga mini yatsu shida.

To a nan ne na yi abin da na yi, kuma wallahi ba da niyyar tona asirin kowa ba. Mu yadda muka tashi, ba a tayar da firigo a kan ruɓa. Ko na mai lemo ne a tasha, in ya mutu ya kwana, sai an fito da komai, a ware mai kyau da marar kyau a gaban mai shi, a wanke ciki tas, sannan a kunna. Kawu Ilo ya taɓa korar wani daga rumfa saboda ya tsallake wannan. Ni a wurina yana cikin gyara, kamar alwala kafin salla. Har ma na ɗauka tarko ne Shef ya ɗana mini, ya ga ko zan manta. Don haka na ɗaure hanci da rawani na ce wa ƴan dakon a fito da kaya duka. Suka kalli juna. Amma sun ga an kawo ni da mota, ga akwatin aiki, suka tashi.

Wurin ba shi da tsakar gida, sai muka jera kwalayen a bakin titi. Ina buɗe kowane ɗaya ina dubawa, wanda ya lalace in ja masa layi da gawayi. Cikin goma da ƙyar ake samun biyu marasa layi. Na wanke ɗakin da omo, na yi waldata, na tsotse iska, na ɗura gaz da awo yadda aka koya mana, inji ya tashi yana wani lallausan kuka. Har daɗi na ji. Ina fitowa na tarar layin ya cika. Ƙudaje sun yi baƙi a kan kayan, matan da suka zo sari da robobinsu sun tsaya nesa suna toshe hanci suna nunawa, wata har tana ɗauka da waya.

Sai ga Madam a kan babur. Ban taɓa jin mace ta yi ihu irin wannan ba. Faransancina na firamare ne, amma zagi ba ya buƙatar difilom, na fahimci komai. Ta kira Shef, kafin minti ashirin ya iso yana haki. Ya ja ni cikin ɗakin da na wanke ya turo ƙofa.

"Wa ya ce ka taɓa kayan mutane?"

Na ce, "Shef, sun ruɓe. Ba a sanyaya ruɓa."

"An tambaye ka? Kai likita ne? Inji aka ba ka!"

Madam ta turo kai ta ce a mayar mata da kayanta yanzu-yanzu, in sun kwana biyu a sanyi za su yi tauri kamar dutse, ba mai jin komai. Na ce mata, Madam, wa zai ci wannan? Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga rawanina, ta san daga inda na fito, amma ko kunya. Ta ce ai ba a nan za ta sayar ba, arewa za a kai, can ba su san kifin teku ba, in an soya da yaji sai su ce haka ɗanɗanonsa yake.

Shef ya ce, "Ka ji. Kai ka fito da su, kai za ka mayar, da hannunka, mutane su ga kuskure ka yi. Ka goge wannan zanen naka. In ka gama, gobe ka zo ka karɓi takarda. In ba ka so, tasha ba ta da nisa."

Ina so in ce na tofa masa yawu na ɗauki akwatina. Na sha faɗin haka a raina har na kusa yarda. Amma ba haka aka yi ba. Na tsaya ina tunanin kwana tara ya rage wa'adin Majo, ina tunanin wani sanyin zai zo in sake ɗaukar jaka yara suna kallona daga ƙofa. Sai na sunkuya na ɗauki kwali na farko. Ruwansa ya bi hannuna ya gangara har hammata. Na jiƙa tsumma na goge layin da na ja. Haka na yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, ƴan dakon suna taya ni ba mai kallon wani. Sau biyu na zaga bayan gini na yi amai. Da muka gama na rufe ƙofa, injin da na gyara yana aiki lafiya lau, kuma a duniya ban taɓa ƙyamar kaina kamar wannan yammacin ba.

Washegari na karɓi takarda. Mai kauri ce, da hatimi biyu da hotona, an rubuta na ci da yabo. Ta ɗan gayun nan mai farin takalmi tana kan tebur kusa da tawa, iri ɗaya sak. Na sa tawa a leda na cusa cikin riga.

Ban gaya wa Baba Agali komai ba. Ya ga takarda ya yi ta sa albarka, ya ce kuma ya yi mini tanadi: akwai wani direban kamiyo, babbar motar kaya, sunansa Alhasan, mutumin Gaya, mai salla a masallacin layinsu, jibi zai tashi zuwa Malanbil a bakin iyaka, ya roƙe shi ya ɗauke ni a gaba kyauta. Ya kwatanta mini inda zan same shi da safe. Ranar tafiya ina bin kwatancen ina ganin kamar na san hanyar, har na tsinci kaina a ƙofar Madam. Ga kamiyo mai injin sanyi a goshi, an riga an loda an kulle. Na juya zan koma, sai wani siririn mutum mai fara'a ya ɗago hannu. "Kai ne Malam Lawali? Bismilla, hau. Baba Agali ya ce in riƙe ka amana."

Alhasan bai san abin da ya ɗauko ba. Shi dai an ce masa kifi ne, a sauke a bakin kogi a tsallaka da shi Gaya, daga nan ya bazu kasuwanni. Mutumin kirki ne har ya ba ni haushi. Ya ba ni goro, ya saya mini ayaba, ya nuna mini hoton ƴarsa da za ta shiga sakandare. Da na ce masa gyaran sanyi na karanta, ya ce dole sai ya ga takardar. Ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, ya daɗe yana kallon hatimin ko da yake ba ya karatun boko. Daga nan ban sake jin sunana a bakinsa ba, sai injiniya. Ni kuwa ina zaune, kukan injin yana bisa kaina, na san kowane kwali da ke bayana.

Rana ta biyu, mun wuce Paraku da nisa, wajen azahar, kukan ya ɗauke ɗif. Alhasan ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya dafe kai, sannan ya dube ni ya washe baki. "Kai, Allah mai iko! Yau da injiniya a motata. Taimaka, ɗan'uwa."

Na hau na buɗe murfin. Ko minti ɗaya ban yi ba na gani: wata ƴar waya ce girgizar hanya ta zare daga mazauninta. Da yatsa biyu zan mayar. Na tsaya a can sama rana tana dukan ƙeyata, ina kallon wayar. Na tuna matan da ke soya kifi ranar kasuwar Belbeji, da yadda ƙaramin ɗana yake tsayawa a gabansu yana haɗiyar yawu har sai na saya masa. Na tura wayar can ciki inda ido ba ya kaiwa. Na zare fizibil, ɗan abin nan da wuta ke bi ta cikinsa, na jefa a aljihu. Na ɗan ƙwanƙwasa nan da can don ya ji ana aiki, sannan na sauko.

Na ce, "Kwamfireso ya ƙone. Zuciyar injin ke nan. Sai an kawo sabo daga Kwatano."

Ya ce, "Ba dabara? Ko mu lallaɓa Kandi a nemi wani ya duba?"

Na ce, "Ko wa ka kawo, abin da zai gaya maka ke nan."

Ya gyaɗa kai. "Haka ne. Kai da ke da takarda."

Shekara goma sha shida ina aiki ba takarda, ban taɓa yi wa mai kaya ƙarya a kan injinsa ba. Wannan ne aikina na farko da ita.

Kafin la'asar ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan ƙofar baya, warin ya fito, ƙudaje suka taru. Kayan da aka daskarar a kan ruɓa ba sa jure rana ko ta wuni ɗaya, na san ba mai sayensu kuma ko a kyauta. Alhasan ya koma gindin wata bishiya ya kira Madam. Daga inda nake ina jin muryarta tana fita daga wayar. Ya yi ta cewa, "Wi Madam, pardon Madam," har ta gama da shi ta kashe. Da ya taso ya ce mini ta ce in ya dawo ya ajiye mata makullin motarta.

Ya tsallaka titi wurin wani mai tebur, ya dawo da kofin shayi da rabin burodi, ya tare mini wata motar fasinja mai zuwa Malanbil, ya ɗora mini akwatina da kansa. Ya miƙo mini shayin ta taga.

"Sha, injiniya, kar ka makara da takardarka. Ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ya saka. Ka gaida yara."